Hannun Yayana a Bakin Rijiya

A garinmu, yamma da Tanout, rijiya tana da zurfin da ido ba ya ganin ruwa. Sa ne ke jan wasaki, babban gugan fata, amma wanda ke tsaye a bakin rijiya shi ne mai aikin. Yana ɗora yatsu a kan igiya, da nauyinta yake sanin wasaki ya cika, sai ya ce a kora. Yayana ya gaji wurin daga babanmu. Ni nake kora san, tun da na bar lekol, wato makarantar boko.

Bayan babban fari muka sayi sabon sa wanda bai saba ba. Ya zabura igiya tana naɗe a wuyan hannun yaya, ta yanke shi har ƙashi. Wanzami ya ɗaure da magani. Kafin damina fata ta haɗe sumul, inna ta yi sadakar fura, kowa ya ce ya warke. A wurinmu in fata ta rufe, magana ta ƙare.

Ya koma rijiya. Wasaki ya riƙa fitowa rabi, wani lokacin wayam. Makiyaya suna jira da garkensu.

Na matsa wa yaya muka je wurin likita a Tanout. Ya soka masa allura a yatsu uku, yaya yana kallon bango, bai ji sukar ba. Likitan ya zana 'yar da'ira a takarda, ya raba ta biyu, ya sake raba kowanne. Ya ce haka ƙwayoyin fata suke yi har su cike rauni, na jini ma kullum ana sabunta su. Na jijiyar ji ba sa rabuwa haka. Tunda ta tsinke ba a ɗinke ba, kada mu sa rai.

A hanya yaya ya ce, "Ɗan lekol, me ya zana maka, ƙwan zabo?"

"Ya ce a yi haƙuri, Yaya."

"Wannan ko inna ta iya faɗa."

Da muka isa rijiya ya miƙo mini igiya, ya kama akalar sa. Da rani ya bi motar arewa neman aikin gadi. Can ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na yi shekaru a bakin rijiyar ina cewa a kora, ɗan maƙwabta mai kora sa yana amsawa daga nesa.