Dadar Israa

Kulu ba ta karatun littafi, amma idan ana karanta mata sai ta fi marubucin sanin abin da ya kamata ya faru. Daga Maraɗi ta biyo mijinta zuwa Alƙahira, ya zo neman ilimi, Allah Ya karɓi abinSa. Ba ɗa, ba jika. Ta kama ɗaki a unguwar Hadayek, ta samu aikin raino a gidan wasu Misirawa a Ma'adi.

'Yar gidan, Israa, da bakinta ya buɗe, da Dada ta fara kiran Kulu. Ranar Kulu ta yi kuka a kicin, don a gidansu uwa ake kira Dada. Larabcinta na cefane ne da shiga jirgin metro, bai kai ga ta yi tambaya ba. Ta riƙe sunan hannu bibbiyu.

Duk Juma'a bayan la'asar maƙwabciyarta Humaira, ɗaliba 'yar Kano, takan karanta mata wani labarin Larabci tana fassarawa. Labarin wata baƙar mace ce da ta raini 'yar masu gida, ana ba ta abinci a kwanonta daban. Kulu na tsinke ganyen mulukiya, lalon Misirawa, tana tsaki, tana gyara wa marubucin zance.

Sai suka zo inda yarinyar ta girma, baƙi suka tambaye ta wace ce wannan, ta ce dada ce kawai.

"Kawai?" in ji Kulu. "Uwar tata?"

Humaira ta ce, "Inna, ma'alish, yi haƙuri. A nan dada mai raino ce. 'Yar aiki."

Kulu ta ajiye ganyen. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har da kunya. Ta ce a rufe littafin haka nan, khalas.

Washegari tana shiga gidan aiki Israa ta sheƙo da gudu tana kiran Dada. Kulu ta kasa amsawa. Yarinyar ta sake kira, ta tsaya tana dubanta. A kira na uku Kulu ta ce na'am, ta sunkuya ta goya ta da mayafi, duk da ta yi girma da goyo.

Da Juma'a ta zagayo ita ta fara ƙwanƙwasa wa Humaira ƙofa, ta ce a ɗauko littafin.

"Inna, gaba ya fi zafi fa."

"Karanta dai, 'yar nan. Wannan tasu ce. Tawa da Larabci take kira, ni kuwa da Hausa nake amsawa."