Ranar da Baba Salihu Ya Faɗi a Kan Layin Dogonsa

A duk shekarun da na yi ina gyaran kayan lantarki a Makka, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da muka sauya wa jiragen ƙasa na wasa na Baba Salihu tsari. Ku da kuka shigo shagon nan daga baya kun sha tambayata me ya sa ba na barin mai kaya ya taɓa aiki sai na gwada shi a gabansa. To ga asalin abin.

Lokacin ban daɗe da zuwa daga Kano ba. Ina aiki a wani shago a unguwar Utaibiyya ƙarƙashin Mu'allim Isa, wato babban mai gyara, wanda shi ke raba mana aiki kuma shi ke amsa tambaya in abu ya lalace. Igamata, takardar izinin zama da aiki, a kan shagon take. Duk wanda ya zo da igama ya san cewa laifi ɗaya mai nauyi ya isa a rufe mutum, daga nan a sa shi a jirgi zuwa gida.

Baba Salihu dattijo ne haifaffen Makka, kakanninsa suka zo hajji daga ƙasar Hausa suka zauna. Ya yi ritaya daga aikin kanikanci, matarsa ta rasu, yana zaune a unguwar Zahir da 'yarsa Ustaza Hafsa mai koyarwa a makarantar 'yan mata. A saman gidansa akwai ɗaki guda da ya cika da wani katafaren teburi, a kansa ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo da tashoshi da gadoji da duwatsun da ya ƙera da hannunsa. Ya fi shekara talatin yana gina shi.

Bari in yi wa wanda bai san abin ba bayani. A tsohon tsari, taransifoma ce ke tura wuta cikin ƙarfen layin. In ka murɗa ta jirgi ya ruga, in ka mayar ya tsaya, layin kuma ya mutu. Jirage biyu a layi ɗaya dole su tashi tare su tsaya tare. A sabon tsari na dijital, ana buɗe kowane kan jirgi a like masa ɗan ƙaramin dikoda mai karɓar umarni da dalma, a ba shi lambarsa. Wuta kuwa tana cikin layin kullum, ko jirage na tafiya ko suna tsaye, umarni kawai ake aika wa kowanne ta na'urar hannu. Wutar ba ta da ƙarfi, kaɗan ta ɗara ta batirin mota. Amma a ƙarƙashin teburin akwai tsofaffin wayoyin da ke kawo wutar gida, ita kuwa tana kisa.

Mu'allim Isa ya tura ni ni kaɗai. Na kwashe kwanaki ina zuwa da safe, ina kwance rigingine a ƙarƙashin teburin ina raba tsofaffin wayoyi da sababbi, Baba Salihu na zaune a kujera yana ba ni labarin kowane jirgi da Hausarsa mai gauraye da Larabci.

Ranar gwaji ta faɗo tsakiyar zafi. Tun da na iso na tarar da shi a sama, yana ta goge taragai. Ustaza Hafsa ta leƙo kafin ta tafi makaranta ta ce, "Abuya, ga karin kumallonka nan a ƙasa, kada ya huce."

Ya ce, "Ɗayyib, to na ji, yanzu zan sauko." Bai sauka ba.

Wajen hantsi na kunna. Jiragen farko biyu suka tashi a layi ɗaya, ɗaya a hankali, ɗaya da gudu, fitilunsu a kunne. Dattijon ya yi ta dariya yana tafi. Sai na uku ya ƙi motsi a bayan wani dutse. Na ce masa, "Baba, bari in duba haɗin wajen nan daga ƙasa." Na koma ƙarƙashin teburi.

Ina can ina bin waya da yatsa sai na ji ya ce, "Ya waladi...", wato ɗana, da wata irin murya. Teburin ya girgiza a kaina, taragai suka zubo ƙasa, sannan na ji faɗuwar mutum.

Na fito da rarrafe. Ya kifa a kan teburin, tafin hannunsa na dama a kan ƙarfen layin, ƙafafunsa sun lanƙwashe. Jikinsa yana karkarwa, gumi ya jiƙa masa riga. Abin da ya fara zuwa raina shi ne na haɗa wayar gida da ta layi, wutar ta kama shi. Ban taɓa shi ba. Na fizge filogi daga bango, na ruga na kashe babban makunnin benen, sannan na dawo na zare shi na kwantar a ƙasa. Yana numfashi, amma idanunsa a juye, bai san ina kiransa ba.

Sai da na yi ta kuskuren danna lamba kafin na samu motar asibiti. Larabcina a lokacin na kasuwa ne, ranar kuwa ko shi ya gudu. Da ƙyar na kwatanta gidan. Na kira Ustaza Hafsa, na kira Mu'allim Isa. Na zauna a ƙasa na ɗora kan dattijon a cinyata, na'urar sanyaya ɗaki a kashe, ɗakin ya fara turiri. Ba abin da nake gani sai fuskar mahaifiyata in aka ce mata ɗanta ya kashe tsoho a Makka.

Ma'aikatan motar asibiti suka hauro, Ustaza Hafsa na biye da su, abayarta a karkace. Babbansu ya dubi wayoyin da ke warwatse, ya dubi kayan aikina, ya tambaye ni da Larabci, "Wuta ce ta ja shi?"

Na san in na ce a'a ba wanda ya gani. Na kuma san kulawar da ake yi wa wanda wuta ta ja daban take, don tana taɓa zuciya. Na ce, "Ban sani ba. Hannunsa yana kan layin, layin kuma da wuta. Ni na haɗa shi. Mai yiwuwa ne."

Ustaza Hafsa ta juyo ta kalle ni. Ɗayan ma'aikacin ya soki yatsan dattijon yana gwada jini, suka yi magana da sauri a tsakaninsu wadda ban kama ba, suka ɗaura masa ruwa, suka sauka da shi. Kafin su fita babban ya karɓi igamata ya ɗauki hotonta, ya ce kada in bar gidan.

Mu'allim Isa ya iso bayan tafiyarsu. Na miƙe zan ɗauki mita in gwada layin, ya riƙe min hannu.

"Kada ka taɓa ko waya ɗaya, Habibu. In hukuma ta zo, su same shi yadda yake. Ka gyara wani abu yanzu, ko da gaskiyarka, sai a ce ɓoyewa ka yi."

Na ce, "Mu'allim, in ya mutu fa?"

Ya ce, "In ya mutu, ni na turo ka. Tare za mu amsa."

Muka zauna a matakala. Aka kira azahar, muka yi salla a tsakar gida, ban san me na karanta ba. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gidan sai in ɗauka hukuma ce ta zo. Na yi ta bin wayoyin nan a kaina, ja zuwa ja, baƙa zuwa baƙa, in tabbata na yi daidai, can kuma sai in ga kamar akwai wadda ban tuna ba.

Gab da la'asar wayar Mu'allim ta yi ƙara. Ustaza Hafsa ce. Ya saurara, ya ce "Alhamdu lillahi," ya miƙo min.

Ta ce, "Malam Habibu, ya farfaɗo. Sukarinsa ne ya faɗi. Ya yi allurarsa ta ciwon sukari da asuba bai ci komai ba saboda ɗokin jiragen nan. Likita ya duba zuciyarsa saboda abin da ka faɗa, babu alamar wuta." Sannan ta ce, "Na gode da ba ka ɓoye ba. Yana tambaya wai na ukun ya tashi?"

Na ce alhamdu lillahi, na mayar wa Mu'allim wayarsa.

Da dattijon ya dawo gida muka koma ni da Mu'allim muka kunna a gabansa. Mita ta nuna wutar layin daidai take. Amma da Mu'allim ya haska ƙarƙashin teburin, sai ga tsohuwar wayar gida da ke shiga tsohuwar taransifomar, robarta ta bushe ta fashe, ƙarfen a fili, daidai inda nake ajiye kafaɗata kullum. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yanke ta da kansa. Jirgi na ukun kuwa, datti ne kawai a ƙafafunsa.

Abin da na ɗauka daga ranar nan shi nake gaya muku. Ku fara raba tsohon aiki da wutar gida kafin ku kwanta a ƙarƙashinsa. Ku gwada a gaban mai kaya, ku gaya masa cewa layin dijital ba ya mutuwa don jirgi ya tsaya. In gidan dattijo ne, ku tambayi lafiyarsa kamar yadda kuke tambayar wayoyinsa. Kuma in aka tambaye ku abin da amsarsa za ta iya cin ku, ku faɗi iya abin da kuka sani, don ran mutum yana iya rataye a kan amsar. Ni dai ranar cikin tsoro na faɗi gaskiya, kuma da za a maimaita, da tsoron zan sake faɗa.