Injiniyan da Ya Kawo Mana Manhajar Kwal

Shekara goma sha tara na yi ina aiki a wata tashar wutar lantarki da ke bakin teku, kudu da Jidda. A cikin duk waɗanda aka aiko su koya mana aikinmu, babu wanda na raina kamar injiniyan da ya kawo manhaja.

A Jidda aka haife ni. Kakana ne ya taso daga Najeriya, ya sauka daga jirgin ruwa, ya yi hajjinsa ya zauna. Aikina shi ne kula da tukunyar tururi. Baƙin mai muke ƙonawa, tururi ya juya inji, gari ya sami wuta. Sirrin aikin bai wuce daidaita mai da iska ba. Iska ta yi kaɗan, hayaƙi ya yi baƙi. Ta yi yawa, zafi ya tafi a banza. Akwai wata babbar taga a ɗakin da muke sarrafa injuna, ta nan muke leƙa bakin bututu, launin hayaƙin ya gaya mana halin da wutar ke ciki.

Wata shekara, bayan an tashi daga hajji, mudirin tashar ya tara mu ya ce an sayo manhajar kwamfuta da za ta riƙa daidaita wutar da kanta, ta rage shan mai, ta rage hayaƙi. Mutumin da ya zo kafa ta dogo ne, sanye da kwat a cikin zafin Jidda, ga tsagar gado a kumatunsa wadda ko makaho ya shafa ya san daga inda ta fito. Na ji daɗi, na miƙa masa hannu na ce sannu da zuwa, ya hanya. Ya dube ni kamar na roƙe shi sadaka, ya amsa da Turanci cewa a wurin aiki harshen aiki yake yi. Ba a kwana biyu ba na ji shi a bayan ofis yana waya da mahaifiyarsa, Hausa tar, har da "in Allah ya yarda, Hajiya". Mu ne dai ba ya so a haɗa shi da mu, 'yan Takari.

Manhajar tasa don tashoshin kwal na Turai aka yi ta, can ya yi aiki. Da ya kunna, sai ga hotunan injinan niƙa kwal jere a kan allo, mu da ba mu san wani gawayi ba sai na gashin nama. Na gaya masa tokar baƙin mai ba irin ta kwal ba ce, danƙo gare ta, ga iskar teku mai laima da gishiri, don haka na'urar da ya maƙala a bututu don shinshinar hayaƙi za ta toshe. Ya ce wuta wuta ce, kuma lissafi ba ya ƙarya.

Mako uku abin ya yi kyau. A na huɗu na'urar ta toshe, ta dinga gaya wa kwamfuta iska ta yi yawa, kwamfuta kuma ta dinga rage ta. Allo kore shar, alamar komai lafiya, bututu kuwa yana aman baƙi. Na ja shi zuwa taga in nuna masa. Washegari muka tarar an rataya labule mai kauri. Wai tagar ce ke hana mu yarda da lambobi. Mudiri, wanda shi ya sa hannu aka kawo kayan, ya ce magana ta ƙare, a bi abin da muhandis, wato injiniya, ya ce. Tun ina yaro nake jin labarin masu rufe ido su ce dare ya yi, ban taɓa ganin wanda ya sayo yadi don haka ba sai wannan injiniya.

Ranar da manyan baƙi suka zo daga babban ofis ganin abin al'ajabi, da hantsi ne, iska ta juyo daga teku. Suna fitowa daga mota toka mai maiƙo ta fara sauka a kan fararen rigunansu. Suka shigo, injiniya ya tsaya gaban allo yana zuba bayani. Wani dattijo cikinsu ya kaɗe kafaɗarsa, baƙin tokar ya daɗa shafewa, ya duba hannunsa, ya je da kansa ya yaye labulen. Sai ga bututu yana aman baƙi a gaban kowa.

Sai na ji injiniya a kunnena, da Hausa.

"Yaya, don Allah ka rufa mini asiri."

"Ashe kana ji," na ce.

Na cire tukunyar daga hannun kwamfuta, na buɗe iska a hankali ina kallon taga. Kafin a gama zagayawa da gahawa hayaƙi ya washe. Shi kuwa gogan har ya dawo cikin hayyacinsa, yana gaya wa baƙi wai manhajar ce ta gano matsala ta gyara kanta. Ban tona shi ba. Mutuncin mudiri na ciki, ni kuma ina da iyali.

Ba manhajar na tsana ba, gaskiya. Bayan nan mun yi watanni ni da wani abokin aikina ɗan Sudan, shi yana hawa bututu duk mako ya wanke na'urar, ni ina ba injiniya awon da na tara a littafina tsawon shekaru yana zubawa a ciki. Daga ƙarshe ta koyi halin baƙin mai, ta kuwa yi aiki, hayaƙi ya ragu. Na ga rahoton da injiniya ya rubuta. An ambace mu a layi ɗaya, cewa ma'aikatan gida sun nuna turjiya da farko.

Ana gobe zai tafi ya ce in kai shi kasuwar Bab Makka ya yi wa mahaifiyarsa tsaraba, tunda na iya ciniki da Larabci. Na kai shi, don tsohuwar ba ta yi mini laifi ba. Na zaɓa mata yadi mai kyau da darduma da dabino, shi yana tsaye nesa da rumfa yana toshe hanci da hankici, yana kauce wa matan da ke tallar funkaso kamar za su shafa masa wani abu.

A ƙofar masaukinsa ya miƙo mini katinsa. Ya ce in wata rana na gaji da zaman ƙasar mutane na koma gida, in neme shi, ba zai rasa mini aikin direba ba. Ni da ban taɓa taka Najeriya ba, ni da na riƙe wutar rabin unguwannin nan tun yana makaranta. Na karɓa na ajiye a kan kujera, na ce Allah ya kai shi lafiya, ya gaida Hajiya. Na ja mota na nufi unguwarmu Kurayyat, don la'asar ta kusa kuma da safe nake da aiki.