Dakta Kauthar da Baƙaƙen Ramuka

A tashar jirgin ƙasa ta Idu, wata mata na zaune kusa da ni, da mayafi ruwan toka da tabarau mai kauri. Za ta kai shekara hamsin. Kwamfuta na kan cinyarta, wani layi kamar sawun maciji ya ratsa allon. A katin da ke wuyanta an rubuta Dakta Kauthar, sashen fiziks.

Aka kira ta a waya. Tana saurare, tana murza zobenta.

"Yaya Tawfiq, na gode, amma ba na son kujerar daraktan nan." Ta sake saurarar sa. "E, har yanzu baƙaƙen ramukan sararin samaniya nake bincike a kai. In biyu suka yi karo, girgizar tana isowa har duniyarmu, ita nake nazari. Ɗalibaina fa? In na tafi, wa zan bar wa su?"

Da ganin fuskarta, ta sha ba da wannan amsa a gidajen biki da suna.

"To, dangi su yi ta dariyar, Yaya. Da ma ba da izininsu na fara ba."

Ta kife wayar a kan benci, ta ci gaba da aikinta.