Na Ce Ban Ga Komai Ba

A zamanin Turawa ni ce babbar ungozoma a asibitin Potiskum. Ban san ko bihim ba, wannan ma maƙwabciyata ce take rubuta mini, amma abu ba ya wuce idona, kuma ba a wasa a gabana.

'Yata ta fari yayata ce ta ɗauke ta tun yaye, suka bi hanyar Makka a ƙasa, zama ya kama su a Sudan. A can ta koyi aikin jinya. Ta dawo mace sosai, takardar shaidarta a naɗe cikin gwangwani, Hausarta duk Larabci. Baturiyar asibiti ta ce takardar wata ƙasa ba ta aiki a nan sai an gwada mutum. Yarinyar za ta yi wata uku a ɗakin haihuwa ina lura da ita, in na yaba a sa sunanta a rajista. Baturiyar ba ta san ni na haife ta ba. Da wane baki zan faɗa? 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa.

Na kuwa ga aiki. An kawo wata mata daga Mamudo, ɗa ya zo a gicciye, yarinyar nan ta lallaba ta juya shi da hannu. Mata suna guɗa, ni na ce ta je ta wanke kwano.

Ranar tambaya yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa, Baturiya ta ce me na gani a aikinta. Na sunkuyar da kai na ce ni dai ban ga komai ba. Kowace mace a unguwarmu ta Hausari ta san kunya ce, uwa ba ta yabon 'yar fari. Tafintan Baturiya kuwa baƙo ne, ya juya maganar yadda ta fito. Aka sake tambaya, na maimaita. Baturiya ta ja layi a takarda, sunan bai shiga rajista ba.

Ashe ita ma yarinyar ba ta san wannan kunyar ba, ba a nan ta tashi ba. A gida ta tsare ni, wai Inna ko abu ɗaya ban gani ba? Na ce ta ba ni wuri tuwona zai kama. Ranar kasuwa ta hau motar Maiduguri, ko gwangwanin ba ta ɗauka ba.

Yana nan a ƙarƙashin gadona. Nakan buɗe takardar, ban san ma ina sunanta yake a jiki ba.

Iyaye mata, kunya ado ce, ban musa ba. Amma ranar da abincin ɗanku ya rataya a bakinku, ku ɗaga kai ku faɗi abin da kuka gani. Ni na gani, wallahi na gani.