Tafiyata Funtuwa Don Kada Almakashi Ya Taɓa Kan Takwarata

Laraba: Daga Tudun Wada

Ana idar da sallar asuba na ɗaura zanena, na ɗauki jaka mai kayan kwana ɗaya, na yi bisimilla na tsallake dokin ƙofa. Ku mata 'yan uwana da kuke ta aiko tambayar inda na shige, ga yadda aka yi.

Jikata Ummi tana makarantar kwana ta 'yan mata a bayan garin Funtuwa. Sunana ta ci, shi ya sa ba a kiranta Rabi a gidanmu. Uwar ɗalibai, wadda yaran ke kira metiron, ita ta bugo waya ta ce kan yarinyar yana zubar da farin gari, tana sosawa har ya yi jini, kuma suna tsoron makero ne. A dokarsu, mai makero aski ake yi mata tas don kada ta shafa wa sauran. Ranar Asabar za a yi.

Ubanta, ɗana na fari da ba na kama sunansa, yana wurin aiki a kudu. Uwarta tana jego. Saura ni. Gashin nan kuwa tun tana rarrafe nake kitsa shi, har ya sauko kafaɗa. Na ce ina numfashi ba mai sa masa almakashi sai na gani da idona.

Keke ya kai ni tasha a Kwangila gari bai gama wayewa ba. Ɗan kamasho ya dubi tsufana ya ce, "Inna, gaba ko baya?"

Na ce, "Gaba, ɗan nan. Gwiwata ba ta lanƙwasuwa."

"Gaba na manya ne, Inna."

"To, ka ga wanda ya girme ni a tashar nan?"

Direba ya yi dariya ya buɗe mini ƙofa da kansa.

Hanyar Giwa

Muka bi ta Samaru, muka wuce Shika, dawa ta sunkuyar da kai hagu da dama, don kaka ta kama. Kafin Giwa muka tarar da shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Mama, ina zuwa?" Na ce, "Ceton gashi." Ya dubi direba, direba ya ɗaga kafaɗa, sai ya ce mu wuce, Allah ya ba da sa'a. A Giwa na sayi ƙosai mai zafi, na ci rabi, na ƙulle rabi saboda takwarata. Da hantsi manyan motocin auduga suka fara tare mana hanya, na san mun iso.

Funtuwa

Gidan Hajiya Delu na sauka, ƙanwar maigidana marigayi, Allah ya jiƙansa. Tana ganina da ƙaramar jaka ta ce, "Matar Yaya, wannan jakar ta mai zumunci ce ko ta mai ɗibar wuta?"

Na ce, "Gobe zan koma."

Ta ce, "Za mu gani." Ta dama mini fura, muka yi azahar, ta sa aka kira mai keke na unguwarsu ya kai ni makaranta.

Metiron doguwar mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana, amma ba ta da wulaƙanci. Ta aika aka kira Ummi. Yarinyar da ke tarbata da tsokana, "Tsohuwa mai ran ƙarfe," yau ko kallona ba ta iya yi. Ta durƙusa ta ce, "Ƙawata, za su aske ni." Sai hawaye.

Na cire ɗankwalin, na tsefe kitso ɗaya da yatsa. Fatar kan ta bushe ƙamas kamar bayan ƙwarya, tana ɓarewa fari-fari, ga sawun farce ko'ina. Amma ban ga zagayen nan da makero ke yi ba, ban ga inda gashi ya karye ya bar fili ba. Na ce, "Da me kike wanke kai?"

Ta ce, "Da garin sabulun wanki. Duk haka muke yi. Ran Asabar ana duba kai, kuma shi ne mai kumfa sosai. In an gama wankin kaya, sai a zuba sabo a bokiti kowa ta tsoma kanta."

Na ce da metiron, "Malama, ni ban yi boko ba, ban kuma zo karya doka ba. Ki ba ni ita gobe in kai ta asibiti. In likita ya ce makero ne, ni zan riƙe miki kan."

Ta ce, "Na yarda, Inna. Amma ko ba makero ba ne, iyayen sauran yara ido suke gani, ba bayani ba. Zan ɗaga mata Asabar biyu. Ta uku, in na taje kan a bisa baƙin ƙyalle na ga gari, sai dai ki yi haƙuri."

Alhamis: Asibiti da kemis

Likitar da muka samu yarinya ce, ba za ta girmi uwar Ummi ba. Ta haska kan da 'yar fitila, ta duba gaba, ta duba ƙeya. Ta ce, "Inna, ba makero ba ne. Bushewa ce, ga amosani ya samu wuri. Garin wankin nan don tufafi aka yi shi. Har shamfu na kanti ma, da yawansu akwai wani sinadari a ciki da ake kira salfet. Shi ne ke tayar da kumfa, shi ne kuma ke kwashe maiƙon da Allah ya halitta a fatar kai. Mai lafiyayyen kai ba lallai ya dame ta ba, amma irin wannan kan, wuta ce a kan ƙuna."

Ta ce mu nemi shamfu marar salfet. A wanke sau ɗaya a mako da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, a murza da tsokar yatsa, ban da farce, a ɗauraye sosai, a shafa ɗan mai kaɗan. In bai yi sauƙi ba mu dawo ta canza magani. Na sa ta maimaita sunan har ya zauna a bakina.

Kemis na farko babu. Na biyu ya miƙo mini wata kwalba mai hoton mace da gashi har gadon baya, ya ce, "Wannan ya fi, Hajiya, kumfa kamar me!" Na ce, "Kumfar ce ta kawo ni garinku." Na sa Ummi ta karanta jikin kwalba, ta girgiza kai. A na uku, kusa da kasuwa, muka samu. Da tsada, ban ɓoye muku ba, amma bai kai tsadar gashin shekara goma sha huɗu ba.

A tsakar gidan Hajiya Delu na wanke wa Ummi kan. Abin yana da santsi, kumfarsa 'yar kaɗan. Hajiya Delu ta leƙo ta ce, "An cuce ki, matar Yaya. Ruwan kuɓewa aka ɗura miki."

Na ce, "Ke da kika tashi ana wanke miki kai da karkashi, yaushe kika ga karkashi ya yi kumfa?"

Ta ce, "Af! Haka ne fa."

Na mayar da yarinya makaranta da kwalbarta. Ni kuma na buga waya gida na ce kada a jira ni. Hajiya Delu ta ciro mini zannuwa biyu daga adakarta tana murmushi.

Asabar ta biyu

Zama ya miƙe. Ina taya Hajiya Delu tsinke zogale, muna zagaya dangi, muna cin tuwon masara da miyar kuka. Asabar ta farko ban je ba, don wanki bai yi kwana uku ba. Ta biyu na shirya da sassafe, raina fari ƙal.

Na cire wa Ummi ɗankwalin. Gari ya dawo, har ya fi na da.

Na ce, "Takwara, ina kwalbar?"

Ta kawo ta, babu ko ɗigo. Ashe a ɗakin kwanansu ba a hana juna abu. Wadda aka kawo wa yaji na kowa ne, wadda aka kawo wa man shafawa na kowa ne, mai ɓoye nata kuwa sunanta marowaciya har ta gama makaranta. Ran Asabar ɗin farko manyan ɗakin suka ce a kawo sabon shamfu a gani. Suka zuba a bokiti yadda suka saba, suka kaɗa, ba kumfa. Suka ƙara, suka kaɗa, ba kumfa. Suka juye duka. Da suka gaji suka ce jabu ne, suka barbaɗa garin wanki a kai don ya yi ƙarfi, kowa ta tsoma kanta, har da mai shi.

Ban yi faɗa ba. Yarinyar da ba ta iya rowa ba, a gidanmu ta koya. Na koma kasuwa na sayo wata kwalbar, na dawo kafin azahar, na roƙi metiron ta ba ni kujera a bakin famfo da butar ruwan ɗumi. Na ce a kira mini 'yan ɗakin duka.

Suka zo suna noƙe-noƙe. Na ce, "Wace ce shugabar masu kaɗa bokiti?" Suka fashe da dariya, suka turo wata doguwa mai suna Bilki. Na ce, "Matso, 'yar nan, miƙo tafinki." Na ɗiga mata kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu. Na ce, "Wannan ya ishi kai guda. Ba a bokiti ake sa shi ba, a fatar kai ake sa shi. Ke za ki wanke wa ƙanwarki Ummi, ina kallo."

Ta fara da farce, na buge hannun. Ta koma da tsokar yatsa. Da aka ɗauraye, wata ƙarama daga baya ta ce, "Kaka, to ya za a san ya fita, tunda ba kumfa?"

Na ce, "Taɓa ki ji." Ta taɓa, ta shinshina yatsanta, ta gyaɗa kai.

Kwalbar kuwa a hannun metiron na bar ta. Ta ce za ta riƙa ɗiga wa Ummi da kanta, kuma daga yau garin wanki ya tsaya a kan tufafi.

Asabar ta uku

Tsakiyar mako metiron ta bari na shiga na shafa wa Ummi ɗan mai, na ga sawun farcen ya fara rufewa. Ran Asabar da hantsi aka jera yara a gaban ɗakin kwana. Metiron ta shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tebur, mataji a dama, almakashi a hagu. Ni ina gefe a kan kujera, carbi a hannu, ban ji ko ɗar ba, don na riga na ga abin da na gani.

Aka kira Ummi. Ta sunkuya. Metiron ta taje gaba, ta taje tsakiya, ta taje ƙeya. Ta ɗaga ƙyallen ta kai shi hasken rana, ta gyara gilashi. 'Yan ɗigo ne tsiraru, sai an ƙura ido. Ta karkaɗe shi ta ce, "Ba a gama ba, amma an kama hanya. A ci gaba da wankin. Wuce."

Bilki ce ta fara rangaɗa guɗa, metiron ta harare ta, ta haɗiye sauran. Ummi ta zo ta faɗa jikina ta ce, "Tsohuwa mai ran ƙarfe!" Na ce, "Zauna nan, marar kunya." A bakin famfon nan na yi mata shuku, ban ja da ƙarfi ba, don fatar sabuwa ce.

Lahadi: Komawa gida

Hajiya Delu ta rako ni tasha tana cewa, "Kwana ɗaya dai, ko?" Na ce zannuwanta sun zama nawa, ladan tsinkar zogale. Mota ta tashi da hantsi, ba mu tsaya ko'ina ba sai shingen Giwa, ana kiran azahar keke ya sauke ni a bakin layinmu.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Hajiya Delu, da likitar nan mai haƙurin maimaita magana, da metiron da ta riƙe dokarta ta kuma riƙe alkawarinta. Ku kuma da kuka yi ta leƙowa kuna cewa ina tsarabar Funtuwa, ku yi haƙuri, ban zo da ita a jaka ba. Tana can a kan mai ita, sai an yi hutu za ta shigo da ita da ƙafarta.