Albasar Maiguwa Mai Gardama

Duk wanda ya taɓa zama fadar masu shayi ta gindin itacen bedi, a ƙauyen nan na kwarin Tarka da ke tsakanin Karofane da Madawa, ya san Maiguwa ko bai so ba. In bai riƙe fuskarsa ba ya riƙe muryarsa, don ita ke riga shi isowa. Dogo ne siriri, wuya kamar na zalɓe, da ƴar radiyo rataye a kafaɗa wadda anka ɗaure murfinta da robar taya. Tsofaffin mata sun ce ranar sunansa liman bai rufe baki ba jaririn ya tsala ihu, sunka ce to, wanga bai yarda da sunan ba, za a sha fama.

An kuwa sha. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya iya karanta allon bakin hanya, daga nan mushe, malaminsu, ya kore shi, ko shi ya kori kansa, har yau ba a daidaita ba. Abin da anka tabbatar shi ne sun yi musu kan ko ƙasa ke juyawa ko rana, kuma mushe ne ya fara gajiya. Sauran iliminsa a radiyo ya tsince shi, da kasuwar Madawa, da bakin direbobi. Babu maganar da ba ya da ƙafa a ciki. Ko mulkin soja ya fi ko na farar hula, ko a canja kuɗin ƙasa ko a bar su, ko alƙali na da ikon raba gadon da malamai sunka riga sunka raba, ko gaskiya ne mutum ya taka wata, duk Maiguwa na da ta cewa. In ya ga fada ta koma gefensa gaba ɗaya, sai ya tsallaka ɗaya gefen ya fara rushe abin da ya gina da bakinsa. Shi ya sa anka laƙaba masa Depite, wato ɗan majalisa, ko da yake ko akuyar gidansa ba ta taɓa zaɓensa ba.

Amma kada a ɗauka malalaci ne. Gonarsa ta tudu duwatsu ce zalla, geronta ba ya kai gidan ko tsakiyar rani. Abin da ke riƙe da shi, da matarsa Zaliha, da ɗiyansu mata, garkar albasa ce da ya gada a fadama, da rijiyar da ubansa ya gina a tsakiyarta. In albasa ta yi, gidan ya ci tuwo har damina. In ba ta yi ba, babu wani abu a bayanta. Tun sanyin safiya yana bakin rijiyar nan yana jan guga yana zubawa a fangali, yana musu da mai karanta labarai, wanda ba ya jin sa.

A fadamar akwai al'ada tun ta kakanni. Rijiya ta mai garka ce, amma bakinta na kowa ne. In taka ta ja baya, sai ka ɗauki gugarka da igiyarka ka tsallaka ta maƙwabci, ka yi sallama ko kar ka yi, ka ja abin da zai ishe ka. Ba roƙo ba ne, ba a godiya, ba a kuma riƙe shi a zuci. Da haka kowa ke fitar da albasarsa ko a shekarar da ruwa ya yi rowa.

Sai ga zancen pompo mai aiki da hasken rana ya shigo gari. Ana huda ƙasa a zura bututu siriri can ƙasa, wanda suke ce ma foraji, a kafa baƙaƙen farantan nan da ake kira pano, rana na bugawa ruwa na bulbulowa ta tiyo, ba sayen man esansi, ba jan guga. Isufu, taubashin Maiguwa, wanda garkarsa ke jingine da tasa, shi ya fara kawo maganar fada. Yana so, yana tsoro.

"Depite, mi radiyonka ta ce kan abin ga? In sa kaina ko in bari?"

Maiguwa ya aje kofin shayi, ya gyara zama. Ranar ya yi magana kamar ana biyansa.

"Kai dai Isuhu baƙauye ne, shi ya sa kakanmu ya ba uwarka jaka ya hana ta saniya. Rana wagga da ke gasa muna ƙeya tun muna yara, yau an samu mai sa ta aiki, kana tambaya? Dubi tahin hannunka. Wanga hannu ne ko ƙahwar raƙumi?"

Baba Ango, tsohon da ya fi kowa daɗewa a fadamar, ya ce shi dai abin bai kwanta masa ba. Anka ce ya faɗi dalili, ya rasa, sai cewa ya yi ƙasa ma tana gajiya.

"Baba, Allah shi ba ka haƙuri," in ji Maiguwa, "kai ne ka gaji, ba ƙasa ba. Ƙarƙashinmu ruwa ne kwance awa gulbi, masana sun hwaɗi. In Isuhu ya sa, wane ya sa, ruwa zai yi yawa har a rasa inda za a kai shi. Mu da ba mu da hali ma mun huta, rijiyoyinsu sun zama namu mu kaɗai."

Fada ta kwashe da dariya. Maiguwa ya ci gardama, cin da bai taɓa yin irinsa ba, don wannan karon mutane ba tafi kawai sunka yi ba, aiki sunka yi da maganarsa. Isufu ya sa. Na gabas da shi ya gani ya sa. Kafin shekara ta juyo, garkar Maiguwa ta zama tsibiri, ko'ina ka duba pano ne ke ƙyalli. Shi da ya kawo hujja, shi kaɗai ya rage da guga.

Bai damu ba. Da lokacin dashe ya zo ma sai ya ƙara fangali har bakin shinge, ya dasa iri fiye da abin da ya taɓa dasawa. Zaliha ta zo kawo masa fura ta tsaya tana kallo.

"Malam, wa zai shayar da wannan duka? Hannu biyu gare ka."

"Ke dai kawo hura. Bana ruwa sai mun ture shi da ƙahwa."

Da sanyi abin ya yi kyau. Lawashi ya tashi kore shar, har masu wucewa na cewa Depite bana zai sayi moto. Sanyi na fita, zafi na shigowa, daidai lokacin da albasa ke fara ɗaura kai tana neman ruwa safe da yamma, sai Maiguwa ya ga igiyarsa ta gaza. Ya ƙulla mata wata. Bayan ƴan kwanaki ya sake ƙullawa. Daga nan guga ta fara fitowa da rabi, sannan da laka. In ya bari ta kwana sai ta tara ɗan abin da zai jiƙa fangali biyu-uku, rana na ɗagawa, pompon maƙwabta na fara kuka, sai ta tsotse kamar an sa mata baki daga ƙasa.

Ya yi abin da ubansa ke yi, da kakansa. Ya naɗe igiya, ya rataya guga, ya tsallaka garkar Isufu. Ya nufi inda rijiyar take tun yana yaro, ya tarar da fangalin albasa a wurin. An cike ta. Mi za a yi da rami mai cin wuri, ga tsoron akuya ta faɗa? Ya wuce ta gaba, an cike. Ta gaba da ita an bar ta, amma ta bushe har ƙadangaru sun tare. Ya dawo ya tsaya gaban forajin Isufu, bututu ne wanda ko damtsen mutum ba ya shiga, an rufe kansa da ƙarfe. Ya dubi bututun, ya dubi gugarsa. Duk lissafin da ya yi a gindin bedi, bai taɓa kawo wa ransa cewa sabuwar rijiyar ba ta da inda za a zura guga ba.

Isufu ya hango shi ya taho yana dariya.

"A'a, Depite! Yau majalisa ta zo duba aikin talakawa?"

"Ruwa nika so, Isuhu."

Dariyar ta tsaya, don tunda suke bai taɓa jin taubashinsa ya yi magana gajera haka ba.

"Haba, ruwa kuma har sai ka tambaya? Bari in gama wanga ɓangare in jawo maka tiyo."

Da gaske yake, bai yi ƙarya ba. Sai dai shi ma, da ya ga ruwa ya samu, ya faɗaɗa garkarsa har ta ninka, kuma tasa albasar ma ƙishi take ji. Kafin ya gama ɓangaren nan da wancan, rana ta karkata. Pompo kuwa bawan rana ne, tana yin sanyi yana yin sanyi. Abin da ke isowa garkar Maiguwa ta tiyon da anka haɗa da ƙulle-ƙulle bai fi fitsarin ɗan akuya ba. Gobe haka, jibi haka. Ga shi abin da a da kake ɗauka da hannunka ba tare da ka dubi idon kowa ba, yanzu sai ka tsaya bakin shinge kana jira mai shi ya tuna da kai. Maiguwa ya tsaya bakin shingen wannan, ya tsaya na wancan. Kowa ya ce to, kowa ya ba da ragowar yamma. Bakin lawashi ya fara yin rawaya, ya kwanta.

Ya shiga rijiyar da kansa don ya yashe ta ya ƙara mata zurfi, Zaliha na sama tana jan ƙasa da bokiti, tana salati. Ya haƙa har ya wuce inda ginin ubansa ya tsaya, ya kai ga rairayi mai laushi. Ɗan damshi ya nuna, ransa ya yi fari. Sai gefe ɗaya ya zubo, ya binne shi har gwiwa. Da ƙyar maza sunka fid da shi, ba takalmi, baki cike da ƙasa. Zaliha ta zauna a bakin fangali ta ce in ya sake shiga ramin nan, ya fara kai ta gidan ubanta tukuna.

Sai ya tafi inda ya fi ƙarfi, wato magana. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya je ƙofar maigari, fada ta biyo shi don kallo. Ya yi bayani tiryan-tiryan, ya kawo na radiyo, ya kawo na malamai, ya ce ruwan ƙarƙashin ƙasa na jama'a ne, bai kamata mai dogon bututu ya shanye na mai gajeriyar igiya ba, ya kamata a sa doka. Bai taɓa tsara magana ta yi kyau haka ba. Maigari ya saurara har ƙarshe.

"Na ji, Maiguwa. To wa kake ƙara?"

"Ranka shi daɗe, ba mutum ɗaya ba ne."

"Wa ya hana ka ruwa? Hwaɗi sunanshi, yanzu in aika a kira shi."

Maiguwa ya waiwaya. Ga Isufu, ga sauran, duk waɗanda sunka ja masa tiyo da hannunsu. Ba wanda ya hana shi. Ba wanda ya shiga iyakarsa, ba wanda ya taɓa rijiyarsa.

"Babu," ya ce.

"To ka gani. Ni shari'a nika yi tsakanin mutum da mutum. In ce ma Isuhu shi kashe pomponai tashi albasa ta mutu? Kai da bakinka za ka yarda?"

Wani daga baya ya ce, "Depite, tsallaka ɗaya gehen mana, ka ba kanka amsa!" Kaɗan sunka yi dariya, sunka ga ba ta zauna ba, sunka bari. Isufu ya sunkuyar da kai. Kowa a wurin ya yarda Maiguwa na da gaskiya, har maigarin, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Da an musa masa, da ya san abin yi. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya yi godiya, ya fita.

Da ya tona fangali ɗaya don ya gani, kan albasar bai fi ƙwan zabo ba, kuma ya tsaya ke nan. Irin wannan ba ta shiga buhu, ba ta ajiyuwa, ko ƴan kasuwa ba su tsayawa kallonta. Wata safiya Zaliha ta zo garka da wuƙa da babban kwando, ta fara yanke lawashin da bai gama ƙonewa ba. Ya tsaya yana kallonta, sannan ya karɓi wuƙar ya ci gaba. Ta kai gida ta daka, ta dunƙula, ta shanya a kan zana ya zama gabu, ɗan abin da mata ke saye don ƙamshin miya. Noman rani guda, na mutumin da ya dasa har bakin shinge, a kwando biyu ya ƙare, ta kai kasuwar Karofane ta dawo da geron da bai cika tukunyar ajiya ba.

Damina da nisa, rumbu ya nuna gindi. A shekarun da tsaransa ke aika ɗiyansu maza bida, wato cin rani, su kuwa su zauna gida, Maiguwa da furfurarsa ya ɗaure tsumma a buhu. Isufu ne ya yi masa magana da direban kamyon, babbar motar da ta zo kwasar albasar shi Isufun za ta kurmi, can kudu, anka ce ya hau sama kyauta. Isufu ya raka shi har tashar Madawa, yana ta neman tsokanar da zai yi, bai samu ba.

"Zan riƙa leƙa gidan," ya ce.

"Ka leƙa."

Maiguwa ya taka taya ya hau, ya zauna kan buhuna jajaye, cike, masu ƙyalli, warinsu na sa ido hawaye. Wani fasinja da ya riga shi hawa ya matsa masa wuri, ya daki buhu ɗaya da tafin hannu.

"Kai, bana an yi albasa! Baba, taka ce?"

Mota ta tashi. Maiguwa ya riƙe igiyar da anka ɗaure kayan da ita.

"Ta garinmu ce," ya ce.